Koyon tuƙi da goyo a hannu: shin tufka nake yi ina warwara?

Sabuwar Direba ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na tofa albarkacin bakina ba, amma yau wata damuwa ta sa na ga ya dace in nemi shawarar waɗanda suka riga ni gani. Ni mai goyo ce, ɗana na fari yana da wata goma, kuma yau mako shida ke nan da na shiga makarantar koyon tuƙi. Abin da ya kai ni shi ne wani dare da zazzaɓi mai zafi ya rufe yaron, maigidana ba ya gari, motarmu tana ajiye a ƙofar gida, makullinta yana rataye a jikin ƙusa ina kallonsa, amma sai da na yi kusan awa biyu ina buga waya kafin na sami wanda zai kai mu asibiti. Yaron ya sami sauƙi, alhamdu lillahi, sai dai tun daga wannan dare na ƙudura a raina cewa ba zan ƙara zama da makulli a gabana ina neman direba ba.

Koyon bai zo mini da sauƙi ba. Motar mai giyar hannu ce, kuma har yanzu ni da kuloci ba mu saba ba. Shekaranjiya a wata mahaɗa mai ɗan tudu danja ta ba mu hannu, na saki kuloci da gaggawa, motar ta yi tsalle ta mutu. Na tayar, ta sake mutuwa, har sau uku, na bayana suna ta zabga hon kamar na ci musu bashi. A ranar ban sami wanda zan bar wa yaron ba, don haka ƙanwata ce ta riƙe shi a cinyarta a kujerar baya, yana tsala kuka, ni kuwa rabin hankalina yana kan titi, rabi yana wajensa. Da muka dawo sai da na yi minti goma a zaune hannuna yana rawa kafin na iya buɗe ƙofa na fito.

Damuwa ta biyu ta fi wannan tsaya mini a rai. Tun ina da ciki na fara sauya wasu abubuwa a gidana, saboda abin da na riƙa karantawa a kan gurɓatar iska da ɗumamar yanayi ya sa ni tunanin irin duniyar da yaron zai tashi a cikinta. Na daina karɓar leda idan na je sayayya, jakar yadi nake ɗauka. Da rana nafkin na wankewa nake sa masa, in wanke in shanya a igiya, sai da dare nake sa masa na yarwa. Ɓawo da sauran tarkacen girki ina tara su su zama taki ga 'yan shuke-shuken da nake da su a tukwane. Kusan ko'ina kuma da ƙafa nake zuwa, ko in shiga motar haya. Yanzu ga shi da kaina nake neman in ƙara hayaƙi a kan titi. Wata ƙawata ta ce mini cikin raha, hayaƙin da salansar motar za ta fitar a wata guda ya shafe ladan ledojin da na ƙi karɓa a shekara, kuma maganar ta ƙi barin kaina.

To, ta yaya mai goyo za ta koyi tuƙi ba tare da ta jefa kanta da ɗanta cikin haɗari ba? Kuma shin gaskiya ne tufka da warwara nake yi? Sa'annan wata maƙwabciyata ta ce za ta ba ni kujerar mota ta jarirai wadda ita ma a hannu ta saye ta, kuma da yake ina ƙoƙarin rage sayen sabbin kaya, zuciyata ta karkata ga karɓa. Me kuke gani?

Tsohon Malamin Tuƙi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Shekara 22 na yi ina koyar da tuƙi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni, kuma zan fara ne da abin da kika ambata a gurguje, alhali shi ya fi tayar mini da hankali a duk bayaninki, wato yaron da ke kan cinya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta yi karo da abin da ba ya motsi, daidai yake da faɗowa daga tsayin kimanin mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku ke nan. Babu hannun da zai iya riƙe yaro a wannan lokaci, komai ƙarfin mai riƙon da ƙaunar da take yi masa, kuma idan ita ma ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne shi. Duk ranar da ba ki sami wanda zai zauna da shi a gida ba, ki ɗaga darasin zuwa wata rana. Malaminki ma, ko wane ne shi, bai kyauta ba da ya yarda aka tashi a haka.

Mutuwar mota a tudu kuwa ba abin kunya ba ne, ban taɓa koyar da wanda ba ta mutu masa ba. Ki nemi wani layi marar zirga-zirga mai ɗan hawa, ki ja birkin hannu, ki sa giya ta ɗaya, ki ɗan taɓa totur, sa'annan ki riƙa ɗago ƙafar hagu sannu a hankali, kamar yadda kike zare hannunki daga ƙarƙashin kan yaron idan ya yi barci. Akwai wurin da za ki ji ƙarar injin ta yi ƙasa, gaban motar ya ɗan ɗaga, kamar tana son tafiya birki ya hana ta. A nan ne kuloci ya kama. Ki tsayar da ƙafar a wurin, ki sauke birkin hannu, za ki ga motar ta tafi ba gardama. Ki maimaita wannan har ƙafarki ta haddace wurin da kanta. Masu hon kuma ki bar su da halinsu, su ma a nan suka taɓa tsayawa, mantawa suka yi. Idan kulocin yana neman ya sare miki gwiwa, babu laifi ki koma mota mai canja giya da kanta, amma ki fara tambayar dokar inda kike, domin a ƙasashe da dama wanda ya ci jarrabawa da irin wannan mota, lasisinsa bai ba shi damar tuƙa mai giyar hannu ba.

Akwai wani abu da ya fi shafar masu goyo, kuma ba kasafai malaman tuƙi suke tambayarsa ba, shi ne barci. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hankalinsa yana raguwa kwatankwacin na wanda barasa ta kai masa iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi a kanta. Uwar da ta tashi sau huɗu cikin dare ba ta da nisa da wannan hali. A gudun kilomita 50, mota tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Idan kika waiwaya na sakan biyu don ki ga abin da ya sa yaro kuka, kin yi tafiyar mita 28 a makance ke nan. Darasin minti 40 da kai a sake ya fi na awa biyu ana gyangyaɗi amfani.

Game da tambayarki ta biyu, ni ba masanin muhalli ba ne, amma abin da na gani a kan titi shi ne, ƙafar da take cin mai ita ce ƙafar da take jawo haɗari. Direban da ke taka totur da ƙarfi daga wannan danja ya je ya murƙushe birki a ta gaba, man da ya ƙona don ya sami gudun ya mayar da shi zafi a jikin birki ne kawai, bai riga kowa isa ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin wannan tuƙi yana rage nisan da mai zai kai mota da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoson gari. Ki koyi kallon nesa, kada idonki ya maƙale a bayan motar da ke gabanki. Idan kin hango danja ta yi ja, ki ɗage ƙafa daga totur tun daga nesa ki bar motar cikin giyarta, domin motocin zamani suna yanke mai gaba ɗaya a wannan hali, saɓanin masu jefa ta a firi, wato su cire ta daga giya, suna zaton tattali suke yi, alhali injin yana ci gaba da shan mai kuma sun rage ikonsu a kan motar. Ki bar tazarar sakan uku tsakaninki da na gaba: idan ya wuce wani turken fitila, ki ƙirga uku a natse kafin ke ki kai wurin, idan ana ruwa kuma ki ninka. Kuma ki riƙe cewa idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkawa ne sau huɗu. Ke da kike sabuwa kin fi tsofaffin direbobi sa'a a nan, tunda ba ki da mugun sabon da za a sha wahalar kankarewa.

Uwar Uku ta rubuta:

'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ni sai da na haifi na biyu na koyi mota, kuma a jarrabawar farko wajen ribas na faɗi, don haka na san irin rawar hannun da kike faɗa. Bari in tsaya a kan maganar kujerar, tunda Baba ya gama da kuloci.

Ni ma mai son kayan hannu ce. Riguna, gado, keken turawa, kayan wasa, yarana uku gadon juna suka yi, ban ga dalilin sayen sabo ga wanda zai girme wa abu cikin wata uku ba. Amma kujerar mota ba ta cikin wannan lissafi. Idan an taɓa yin haɗari da ita, robarta tana iya tsagewa ta ciki inda ido ba zai gani ba, kuma zafin cikin mota yana tsofar da roba, shi ya sa masu ƙerawa suke buga ranar ƙira a jikinta, da yawansu har da ranar da ya kamata a daina amfani da ita. Maƙwabciyarki da kyakkyawar niyya ta yi tayin, sai dai ita kanta a hannu ta saya, don haka babu wanda ya san abin da kujerar ta gani. Da a ce ta yayarki ce, wadda kika san tarihinta tun daga kanti, madaurinta bai zare ba, takardar bayaninta tana nan, da sai in ce ki karɓa hannu bibbiyu. Tunda ba haka ba ne, ki yi mata godiya ki sayi sabuwa irin wadda ake ƙara mata tsawo yayin da yaro ke girma, ki kula da ita, ƙannensa su gaje ta. Wannan ma tattali ne.

Idan kin saya, ki ɗaura ta a kujerar baya, fuskar yaron tana kallon bayan motar. Wani farfesa ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bertil Aldman ne ya ƙirƙiro wannan tsari a 1964, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya da baya lokacin tashin kumbo don ƙarfin turin ya bazu a duk faɗin bayansu. Kan jariri yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan yana kallon gaba aka yi karo, kan ne zai finciki wuyan, idan kuwa yana kallon baya, kujerar ce za ta tallafe kai da wuya da gadon baya a tare. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce yaro ya kalli baya aƙalla har wata 15, a Suwidin kuwa yawanci har wajen shekara huɗu suke kaiwa. Kada a taɓa sa irin wannan kujera a gaba inda jakar iska mai kare mutum lokacin karo take a kunne, domin idan ta fashe bayan kujerar za ta doka. Bayan kin ɗaura, ki girgiza ta daga gindi. Idan ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu, ba ta ɗauru ba. Madaurin kuma ki ja shi har ya zama ba za ki iya tsunkule shi da yatsu a kafaɗar yaron ba, kuma ki cire masa rigar sanyi mai kauri tukuna, ki lulluɓe shi da ita daga sama.

Zan gaya miki wani abu da har yau ba na son tunawa. Wata rana ba ni ce ya kamata in fita da autata ba, aka samu sauyin shiri na ɗauke ta, ta yi barci a baya shiru. Na yi fakin, na kulle mota, na yi taku kusan goma ina lissafin abin da zan saya, sai na lalubi jakata na ji babu, na tuna na ajiye ta a ƙasan kujerar baya. Da na buɗe ƙofar na ga 'yar ƙafarta tana lilo, sai da gwiwoyina suka sage. Zafin cikin motar da ke rufe a rana yana iya ƙaruwa da kimanin digiri 11 cikin minti goma kacal, jikin ƙaramin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar fiye da na babba. Tun daga ranar, jakata da wayata a ƙasan kujerar baya suke zama duk lokacin da na tuƙa, da yaro ko ba yaro, wanda hakan ya kuma raba ni da taɓa waya a kan titi.

Batun kuka, ki shayar da shi ki canja masa kafin ku tashi. Idan duk da haka ya ɓarke, ki yi masa magana ko waƙa idonki yana gaba, ki ba da sigina ki nemi wuri mai kyau ki tsaya. Kada ki miƙa masa abin ci mota tana tafiya, don idan ya shaƙe ba za ki gani ba. Idan kuma masu hon sun sake takura miki, ki tuna cewa doguwar tafiyar farko da aka yi da mota a duniya, uwa ce ta yi ta. A watan Agustan 1888 Bertha Benz ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, tafiyar kilomita sama da 100, a kantin magani ta sayi mai a hanya, da bututun mai ya toshe kuma da allurar hularta ta buɗe shi.

Mai Nazarin Muhalli ya rubuta:

Malama, ina yi wa Baba malamin tuƙi ladabi, duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ina jin tsoron ki tashi daga nan da tunanin cewa tuƙi a natse ya rufe maganar. Bai rufe ba, kuma ƙawarki ba ta yi ƙarya ba.

Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid. Mutane suna mamakin yadda litar da nauyinta bai kai kilo ɗaya ba za ta haifar da fiye da kilo biyu, amma dalilin shi ne kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin da injin ke zuƙa, nauyin ya ƙaru. A ce motarku tana shan lita 8 a kilomita 100, kina yin kilomita 10 kullum, a wata kin yi 300, kin ƙona lita 24, kin fitar da kimanin kilo 55. Ledar sayayya guda kuwa abin da ake fitarwa wajen ƙera ta 'yan gomomin gram ne. Idan a wannan ma'auni za a auna, mota ta yi wa leda nisa ƙwarai. Sai dai laifin leda ba a nan yake ba: toshe magudanan ruwa take yi, dabbobi su ci su mutu, ta yi shekaru ba ta ruɓe ba, kuma kashi 9 cikin ɗari ne kawai na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Matsaloli biyu ne daban, don haka kada ki jefar da jakar yadinki saboda kin riƙe sitiyari.

Abin da nake son ki lura da shi shi ne, tuƙi mai kyau yana rage wani kaso na man tafiya, tafiyar da ba a yi da mota ba kuwa duka ta rage. Kuma gajerun tafiye-tafiye su ne mafi muni, domin injin da bai ɗauki zafi ba ya fi shan mai, na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa kuma ba ta fara aiki sosai sai ta yi zafin ɗaruruwan digiri, ta yadda mai zuwa wurin da bai wuce kilomita ɗaya ko biyu ba yakan isa kafin ta farka. Haɗarin da na fi hango miki shi ne sabo. Na ga mutane da dama da suka karɓi lasisi don ranar larura, wata shida bayan nan tafiyar minti goma da ƙafa ta zama musu aiki. Ki yanke wa kanki ƙa'ida tun yanzu da ƙafarki take da saba: duk inda kike zuwa da ƙafa a yau, ki ci gaba da zuwa da ƙafa, mota ta asibiti ce, da dare, da kaya masu nauyi, da nesa. Saƙonnin mako ki haɗa su a fita ɗaya, ki fara da wuri mafi nisa don injin ya yi zafi, sa'annan ki biyo sauran a hanyar dawowa. Kuma ki sani ba ƙara mota kike yi ba, tunda ga ta nan a ƙofar gida. Da wata sabuwa za a sayo dominki, da lissafin ya sauya, saboda ƙera mota kanta tana da nata hayaƙin mai yawa.

Nafkin da kike wankewa ma yana da irin wannan sarƙaƙiya. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da nazari a 2008 da ya nuna cewa a tsawon shekara biyu da rabi, na yarwa yana jawo kimanin kilo 550 na hayaƙin kabon, na wankewa kuma kimanin 570 idan an bi yadda yawancin mutanen can suke wanki, amma yana iya raguwa da kashi 40 cikin ɗari idan ana cika injin wanki, ana shanya a igiya, kuma ƙane ya gaji wa. Igiyar shanyarki ke nan take yin aikin da kike zaton yadin ne yake yi.

Wani abu na ƙarshe da ya shafi yaron kai tsaye: yara suna numfashi da sauri fiye da manya, kuma wanda ke cikin keken turawa hancinsa yana kusa da tsayin salansar motoci. Idan kina tafiya da shi da ƙafa, ki bi ƙananan layuka ki bar bakin babban titi, ko da za ki ɗan yi zagaye.

Bakanike ya rubuta:

Hajiya, nawa gajere ne. Iskar taya ki auna ta sau ɗaya a wata, da safe kafin taya ta yi zafi, kuma adadin da za ki bi yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar, ba wanda aka buga a jikin tayar ba. An ce ido ba mudu ba ne ya san kima, amma a kan taya bai sani ba, tana iya rasa iska mai yawa tana nan tsaye kamar lafiya lau, tana cin mai, tana cinyewa ta gefe, birki kuma yana ƙara nisa. Ɗumama inji na minti goma da safe al'adar tsofaffin motoci ce, ta zamani rabin minti ya ishe ta, sai ki tashi a hankali. Idan jira za ki yi a fakin, ki kashe, domin barin inji yana aiki a tsaye fiye da sakan goma ya fi sake tayarwa cin mai. Idan da zafi kuma yaro yana tare da ke, ku fito ku jira a inuwa. Kada ki taɓa barin inji yana aiki a gareji a rufe, iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kisa take yi. But ɗin mota ba ɗakin ajiya ba ne, duk kayan da ba na tafiyar ba ki sauke su. Idan wani ya ce zai cire miki na'urar tace hayaƙi don mota ta ƙara ƙarfi, kada ki yarda. Hayaƙi shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai, baƙi kuma fetur ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Kuma idan kin gama canja giya ki sauke ƙafa daga kan kuloci gaba ɗaya, masu koyo da ɗora ƙafa a kai suke cinye shi.

Sabuwar Direba ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi faɗan, na mayar da darasina safiyar Asabar da Lahadi lokacin da mahaifinsa yake gida, kuma jiya na tashi a tudu sau bakwai, sau ɗaya kawai ta mutu. Yaya, na mayar wa maƙwabciyata da godiya, ba ta ji haushi ba, ta ma ce ita ma ba ta taɓa tunanin tambayar tarihin kujerar ba. Na zauna na rubuta wuraren da nake zuwa a mako, guda tara ne, na tarar shida daga ciki ba su kai tafiyar minti ashirin da ƙafa ba, na ja musu layi a ƙasa na manna takardar kusa da ƙusar makullin. Saura tambaya ɗaya: idan yaron yana kallon baya ba zan ga fuskarsa ba, kuma na ga ana sayar da wani madubi da ake ɗaurawa a matashin kujerar baya. In saya?

Tsohon Malamin Tuƙi ya rubuta:

Ki dakata da shi tukuna, 'yata. Madubin motarki guda uku ne, kuma har yanzu idonki bai saba zagaya su ba; idan aka ƙara na huɗu mai fuskar ɗanki a ciki, na san wanda zai cinye sauran. Bayan kin karɓi lasisi, ki yi makonni kina fita ke kaɗai a hanyoyin da kika sani, musamman hanyar asibitin nan, da rana da kuma da dare, sa'annan ki fara ɗaukarsa tare da babba a zaune kusa da shi a baya. Idan lokacin madubin ya yi, ki zaɓi marar fashewa wanda yake ɗauruwa tamau, don kada ya zama abin jifa idan aka taka birki da ƙarfi, kuma ki riƙa duba shi ne idan mota tana tsaye.